Mu 'yan Zango muna sayar da abinci, amma 'ya'yanmu ba su san yadda yake samuwa ba

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka. Don Allah a ba ni fili, maganar tawa da ɗan tsawo amma ta daɗe tana ci na a rai.

Duk inda ka zauna a Zangon Kumasi yanzu, Aboabo ne ko Asawase ko Sawaba ko Alabar, hirar ɗaya ce, tsadar abinci. Olonkar masara ta kai kaza, kiret ɗin ƙwai ya kai kaza, albasa ta gagari talaka, nama kuwa sai ranar suna ko biki. Kowa da wanda yake ɗora wa laifi, wani ya ce gwamnati wani ya ce dala wani ya ce 'yan kasuwa ne ba sa tsoron Allah, kuma ban ce babu gaskiya a ciki ba. Amma abin da ban ji ana magana a kai ba shi ne shi abincin kansa, yaya aka yi ya zama abinci tun farko, me ke sa ya yi albarka me ke sa ya ƙi. Ni malamin sayans ne a JHS, wato ƙaramar sakandare, kuma gidanmu gidan 'yan hatsi ne tun kakanni, to ina ganin abin ta gefe biyu. Yaran da nake koyarwa yawancinsu da cinikin abinci iyayensu ke riƙe gida, wannan babansa albasa yake saukewa daga Nijar, wannan mahauci ne a mayanka, wannan mamanta waakye take sayarwa, waccan koko da ƙosai, amma ka tambaye su masara me take ci har ta girma sai su ce ƙasa take ci, ko su ce taki. Wanda ya haddace fotosintesis ma, wato yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, don jarrabawar BECE ya haddace, ana gama jarrabawa ya manta. Abin nan yana damuna ƙwarai, don wallahi ilimin nan ya shafe mu 'yan Zango fiye da kowa a garin nan.

Ai abin da ya kawo kakanninmu ƙasar nan ma ɗan itace ne, goro. Fatake suka riƙa tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Salaga su sayi goron kurmin Asante, daga baya aka gangaro Kumasi aka zauna. Tun lokacin mu ne a tsakanin gona da tukunya, wani ya shuka mu kuma mu ɗauko mu adana mu auna mu sayar, kuma har gobe haka ne.

To bari in fara da maganar cewa shuka ƙasa take ci. Wani likita ɗan Beljiyam mai suna van Helmont ya gwada wannan tun a ƙarni na 17. Ya auna busasshiyar ƙasa wajen kilo 90 ya zuba a tukunya, ya dasa ƙaramin itace mai nauyin kilo 2 da 'yan kai, shekara 5 ba abin da yake ba shi sai ruwa. Da ya tumɓuke shi ya auna ya kai wajen kilo 76, ƙasar kuwa da ya sake busar da ita ya auna, abin da ya ragu bai kai giram 60 ba. To wannan kilo 70 da wani abu daga ina ya fito? Shi ya ce ruwa ne, kuma rabin amsar ya samu, ɗaya rabin yana cikin iskar da ba a gani. Sai a 1779 wani mai suna Ingenhousz ya nuna cewa ganye ba ya wannan aiki nasa sai da hasken rana.

Ga yadda abin yake, kuma zan faɗe shi yadda nake faɗa wa yara. Ganye shi ne kicin ɗin shuka. Saiwa tana janyo ruwa daga ƙasa ya hau har ganye, a bayan ganyen kuma akwai wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iskar kabon dayoksaid ke shiga, wato iskar da ni da kai muke fitarwa in mun yi numfashi, da wadda ke fita a salansar trotro. Wannan koren da ke jikin ganye, kulorofil, shi ke kama hasken rana, da ƙarfin hasken ne ake fasa ruwa, a saki oksijin ya fita mu shaƙa, sauran kuma a haɗa shi da kabon ɗin a yi suga. Shi ke nan, asalin duk wani abinci da ke kasuwar Kejetia ke nan. Daga sugan nan shuka ke gina kara da saiwa da fure, ragowar kuma ta mai da shi sitaci ko mai ta ɓoye, masara da gero su ɓoye a ƙwaya, rogo a saiwa, doya a ƙarƙashin ƙasa, rake a kara, gyaɗa ta mai da nata mai. Kuma fa ba don mu take tarawa ba, guzuri ne na 'ya'yanta ko na lokacin rani, mu ne Allah ya hore wa mu zo mu ɗiba. Fufu da tuwon zafi da banku da dokunu, duk hasken rana ne da ganye ya kama ya ajiye, har gawayin da aka dafa su da shi ma haka. Ni dai duk lokacin da na yi wannan bayani a aji sai in ji imanina ya ƙaru, cewa iskar da ba ta kai ko kashi ɗaya cikin 100 na sararin nan ba, ita ce ake ginin buhun masara da ita.

Yanzu ga inda abin ya shafi aljihu. Ƙofofin nan na bayan ganye in suka buɗe don iska ta shiga, ruwa ma ta nan yake fita. In ƙasa ta bushe shuka sai ta rufe su don kar ta mutu, in ta rufe kuma iska ba ta shiga, abinci ya tsaya. Shi ya sa za ka ga gona kore shar daga bakin titi amma ba abin da take tarawa, musamman in ruwan ya ɗauke daidai lokacin da masara ke shirin goyo, sati biyu ko uku a wannan gaɓa ya isa ya lalata noman shekara. Haka aka gani a arewa a 2024, ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya waje a watan Agusta. Mu nan kudu Allah ya ba mu damina biyu, babba da ƙarama, su kuwa Tamale da Bawku da Wa ɗaya tal suke da ita, in ta ɓaci sai baɗi. Dattawanmu ba su manta 1983 ba, fari ya zo, gobarar daji ta cinye gonaki har da na koko, ga kuma 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya a shekarar, mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito ana ce masa sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasa na lokacin. Bayan wannan wahala ne aka fara Ranar Manoma a 1985, wadda ake yi Juma'ar farko ta Disamba, amma mu a Zango hutu kawai muka ɗauke ta, kuma bai kamata ba.

Haske ma ba kowace shuka ke son sa daidai ba. Masara da dawa da gero da rake rana tsantsa suke so, shi ya sa manomin Ejura ba ya wasa da noman farko, in ciyawa ta riga masara tsawo a makonnin farko ta kare mata rana ta shanye ruwa, to ko daga baya ka zo ka share ta riga ta cutu. Shi kuwa koko na gona ɗan kurmi ne, yana ƙarami rana mai zafi ƙona shi take, shi ya sa za ka ga an dasa filanten a tsakaninsa ya yi masa inuwa kafin ya tasa.

To in shuka ita ke haɗa abincinta, taki fa? Taki wasu 'yan sinadarai ne da take buƙata kaɗan-kaɗan amma in babu su aikin ba ya tafiya. Wannan NPK 15-15-15 da ke jikin buhu, N ɗin naitirojin ne, shi ke sa ganye ya yi kore ya yi faɗi, in ya yi ƙaranci za ka ga ganyen ƙasa ya fara yin rawaya. P ɗin fosfaras ne, ya fi taimakon saiwa, K kuma fotasiyam, na ƙarfin jiki da cikar 'ya'ya. Takin yuriya naitirojin kaɗai yake bayarwa, kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, kuma in ka watsa shi a kan busasshiyar ƙasa ba ka rufe ba wani kaso ya bi iska, kuɗinka ne ya tafi, in kuma ka cika shi a gindin shuka ya ƙona ta. Abin mamaki, iskar da muke ciki kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma masara ba ta iya ɗaukar ko kaɗan daga ciki. Sai a masana'anta ake kama shi, kuma aikin yana cin gas mai yawan gaske, shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi a 2022 kuɗin taki ya yi sama, manomi a Techiman ya rage zubawa, mu kuma muka ji a olonka. Amma akwai waɗanda Allah ya ba su wannan baiwa kyauta, wake da gyaɗa da gurjiya da waken soya. Ka tumɓuke wake lokacin da ya fara fure ka duba saiwarsa, za ka ga wasu ƙananan gudaji a manne, ka fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne to yana aiki. Wasu bakteriya ne ke zaune a ciki, su kamo naitirojin daga iska su ba waken, shi kuma ya ba su suga. Iyayenmu da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya, ko su sa gyaɗa bana masara baɗi, ba su san sunan bakteriya ba amma sun san ƙasa tana farfaɗowa. Ina ganin wannan hikima ta fi ƙarfin a raina ta, yanzu ma da buhun taki ya fi ƙarfin ƙaramin manomi.

Ita ƙasar kanta kuma tana da rai, wannan ne mutane suka fi mantawa. Tana da gara da funfuna da bakteriya, su ba sa haɗa abinci da rana, mataccen abu suke ci, ganyen da ya faɗi, karan masara, kashin shanu, su narkar da shi su mai da sinadaran cikin ƙasa shuka ta sake ɗauka. In aka cinna wa daji wuta da hunturu, ko don sharar gona ko don kamun akrantie, wato irin babban ɓeran dajin nan da ake ci, abincin waɗannan halittu aka ƙone, naitirojin ɗin ya tashi da hayaƙi. Tokar tana ɗan taimakawa shekarar farko shi ya sa mutane ke ruɗuwa, amma a hankali ƙasar ta zama fara fat, ba ta riƙe ruwa. Alhali nan cikin gari kullum ana kwashe ɓawon rogo da ruɓaɓɓen kabeji da kashin dabbobi ana kai wa bola an cakuɗa da leda. Masu lambun latas da albasa mai ganye a wajen Gyinyase kashin kaji suke nema su zuba, sun san darajarsa, mu kuma muna biyan mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku da ke kwashe shara, ya raba mu da irinsa.

Akwai kuma shuke-shuken da sata suke yi. Duk wanda ya taso a arewa ya san wuta-wuta, furenta gwanin kyau, amma tun tana ƙarƙashin ƙasa ta manne a saiwar dawa ko masara tana zuƙe ta, kafin ka gan ta a sama ta gama ɓarna, kuma ta fi samun gindin zama a ƙasar da ta gaji. Nan kurmi kuma kauci ne ke hawa kan itacen koko.

Mu zo kan dabba, don mahautanmu su ma a ji da su. Ni da kai in muka ci ciyawa ba abin da za mu samu, cikinmu ba ya iya narkar da ita. Saniya ma ba ita ke narkarwa da kanta ba, cikinta ɗaki huɗu ne, babban shi ne tumbi, kuma cike yake da ƙwayoyin halitta da su ke fasa ciyawar, ita kuma ta yi tuƙa ta ƙara niƙa musu, ta rayu da abin da suka fitar. Duk mahauci ya fi ni sanin tumbi, kuma su za su gaya maka irin ledar da suke cirowa daga cikin awaki da shanun da ke kiwo a bola, dabba tana ci tana ramewa don wurin da abinci zai zauna leda ta cika shi. Sannan ga wani lissafi da nake so kowane ɗan kasuwa ya riƙe, in ƙarfi zai wuce daga shuka zuwa dabba, ko daga dabba zuwa mai cin ta, kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke wucewa, sauran ya tafi a yawo da numfashi da ɗumin jiki da kashi. Don haka nama ba zai taɓa yin arahar hatsi ba, ko wace jam'iyya ce a kan mulki. Kaza ta fi saniya iya mai da abinci nama, amma ita kuma ba ciyawa take ci ba, masara da soya take ci, wato kwano ɗaya muke sa hannu da ita. Masara na tashi masu kiwon kaji a Dormaa za su ji, bayan ɗan lokaci kiret ɗin ƙwai ya tashi a Asawase, mai shayi ya ƙara kuɗi, a yi ta faɗa da shi alhali maganar ta faro ne daga ruwan da ya ɗauke a gona.

Amma Malam Edita abin da ya fi sa ni rubuto wannan wasiƙa shi ne wanda zan faɗa yanzu, don shi ne ya shafi sana'armu kai tsaye. Kusan duk mai rai sai ya ƙona abinci kafin ya samu ƙarfi, ya haɗa suga da oksijin a cikin jikinsa, ƙarfi ya fito, zafi da ruwa da kabon dayoksaid su fita. Mutum haka, akuya haka, shuka ma haka dare da rana. Kuma albasa da tumatir da doya da ƙwayar masara, cire su daga gona bai kashe su ba, da ransu, suna numfashi a cikin buhu suna cin guzurin da suka tara. In wuri ya yi zafi numfashin ya ƙaru, su ci kansu da sauri, su yi gumi, gumin ya jawo ruɓa. Ka sa hannu a tsakiyar lodin albasa da aka lulluɓe da tamfol a rana za ka ji ɗumi, wannan ɗumin jarin mai kaya ne ke ƙonewa. A 2023 bayan juyin mulkin Nijar da aka rufe boda, motocin albasa suka tsaya a hanya kwana da kwanaki, 'yan'uwanmu da yawa sun tafka asara, albasar ta yi tsada a Kumasi da Accra. Ba wanda ya isa ya buɗe boda a cikinmu, amma akwai abin da ke hannunmu, albasar da aka bari wuyanta ya bushe sosai kafin a zuba a buhu ta fi jurewa, lodin da iska ke ratsawa ya fi wanda aka danne, inuwa ta fi rana. Tumatir ɗin Burkina da ake cusawa a manyan akwatunan katako, na ƙasa ya fashe, wanda ya ji ciwo kuma numfashinsa ya fi sauri kuma ƙofa ce ga funfuna, kafin a sauke an yi asarar wani kaso. Doya in ta fara tsiro abincin cikinta take turawa tsiron, ta yi ta raguwa a nauyi, masu karye tsiron sun san abin da suke yi. Iyayenmu mata a kasuwa suna ganin duk wannan kullum, sai dai ba wanda ya taɓa zama ya gaya musu dalili da Hausa, ga shi kuwa wanda ya san dalili ya fi iya neman dabara.

Hatsi kuma maganarsa bushewa ce. Masarar da ba ta bushe ba, danshinta ya wuce kashi 13 cikin 100 ko kusa da haka, in aka ɗinke ta a buhu funfuna za ta kama ta, kuma wata funfunar tana fitar da guba da ake kira afulatoksin, a masara da gyaɗa ta fi yawa. Dafuwa ba ta kashe ta, tana taɓa hanta har ta kai ga kansa, tana hana yara girma. A nan kam zan faɗa mana gaskiya mu 'yan hatsi, masarar da ta yi baƙi-baƙi a kai ta inji a niƙa don kar a gane, ko gyaɗar da aka tsince marar kyau a markaɗa a sayar wa mai miya da araha, wannan zalunci ne, kuma 'ya'yanmu ne ke sha a koko da safe. Ƙwaron wake shi ma numfashi yake, shi ya sa buhunan nan masu leda biyu a ciki da ake kira PICS ke aiki ba tare da magani ba, in an ɗaure da kyau ƙwarin su shanye iskar da ke ciki su mutu. Ya fi a jefa ƙwayar magani a buhu a ajiye a ɗakin da mutane ke kwana, wannan ganganci ne babba.

Galamsey ma, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta nan ya kamata mu kalle ta, don da yawa cikinmu gani suke matsalar 'yan ƙauye ce. Ƙasar sama da shuka ke rayuwa a kai ɗaruruwan shekaru take ɗauka kafin 'yan santimita su taru, eskabeta ta kwashe ta a yini ɗaya. Ruwan Offin da Pra ya koma launin ƙasa, kuma madatsar Barekese da ke ba Kumasi ruwa a kan Offin ɗin take. Zaibar da ake kama zinariya da ita in ta shiga ruwa ba ta ɓacewa, ƙananan halittu su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, tana ƙara taruwa a kowane mataki, na ƙarshe a layin kuma shi ne mai saye a kasuwa. Akwai samarinmu na Zango a ramukan nan, na san talauci ne ya kai su, amma ya kamata a gaya musu abin da ke dawowa gida a cikin kwanon miya.

Bahaushe ya yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar, amma yau a Zango in yaro ya ce zai karanta aikin gona sai a ga kamar ya rasa abin yi, kowa so yake a ce ɗansa yana waje ko yana ofis. Ga shi kuwa a ƙofarmu ake wannan ilimi, cibiyar binciken amfanin gona tana Fumesua, su suka fitar da irin masarar nan Obatanpa a 1992 mai ingancin furotin da har wasu ƙasashen Afirka suka ɗauka, ta binciken ƙasa tana Kwadaso tare da kwalejin aikin gona, ga jami'ar KNUST. Kuma malamanmu sun karantar da mu cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga ciki, sadaka ce a gare shi. Ban ga dalilin da zai sa mu bar wa wasu wannan fage ba.

To roƙona gare ka Malam Edita, a ware mana ɗan shafi ko sau ɗaya a wata da za a riƙa bayanin irin waɗannan abubuwa da Hausa mai sauƙi, yadda Hajiya mai tumatir za ta sa jikanta ya karanta mata ta gane, kuma a riƙa tura shi a WhatsApp don can mutanenmu suke. Ina kuma kira ga Sarkin Zango da limamanmu da shugabannin 'yan albasa da 'yan hatsi da mahauta da magajiyoyin kasuwa, su gayyato malaman gona su zo har inda muke su yi magana a kan ajiya, a samu mai fassara in ba sa jin Hausa. Makarantunmu na Islamiyya kuma ba sai da fili ba, tsohon buhun shinkafa a cika shi da ƙasa da ɗan kashin akuya, a shuka wake da ayoyo da alayyahu, buhu ɗaya a rana ɗaya a lungu mai duhu, yara su riƙa ba su ruwa suna kallon bambanci da idonsu, in waken ya yi fure a tumɓuke ɗaya su fasa gudajin saiwar su gani. In an buɗe shafin ni zan fara aiko da bayani a kan busar da masara da ajiyar wake kafin girbin ƙaramar damina ya shigo kasuwa, kuma akwai abokan aikina malamai da suka ce za su taimaka da na kiwo.

Na gode da fili, Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.

Naka,
Malamin sayans daga Aboabo, Kumasi